Ranar Mayar da Kayan Aro ta Duniya

Babanmu ya yi shekara talatin da huɗu yana aiki a wata maɗaba'a da ke buga kalandar bango, irin wadda ake yage wa shafi ɗaya kowace safiya. Ba shi ke kula da injin ba, ba kuma shi ke zaɓen hoton da ake liƙawa a sama ba. Aikinsa shi ne ɗan layin nan da ke can ƙasan shafi, wanda yawancin mutane ba sa karantawa sai sun rasa abin yi: a rana irin ta yau aka haifi wane, a rana irin ta yau aka gama yaƙi kaza, yau ce ranar kaza ta duniya. Layi ɗari uku da sittin da biyar a shekara, da ƙarin ɗaya duk bayan shekara huɗu, wanda kullum yake ƙorafin an ƙara masa ba tare da an nemi shawararsa ba. Unguwa ta sa masa suna Malam Kalanda. Bai taɓa nuna ya ji haushi ba, ni kuwa ina zargin daɗin sunan yake ji.

Ni ce 'yarsa ta fari, kuma na tashi na san ranar haihuwar mutanen da ba su san da zamana a duniya ba. A gidanmu ba mai taɓa kalanda sai shi. Da safe, idan an zuba shayi, zai miƙe ya gyara tabarau, ya yage shafin jiya, ya karanta mana layin yau da ƙarfi kamar ba shi ya rubuta shi ba. Sai ya gama ake ɗaukar kofi. Mun sha shayi mai sanyi saboda sarakunan da suka mutu shekara ɗari biyar da suka wuce, kuma har yau ina jin haushin wasunsu.

Abin alfaharinsa ɗaya ne: bai taɓa buga kuskure ba. Yana da jan biro a aljihun gaba, kuma da shi yake gyara duk abin da ya faɗo hannunsa, har da wasiƙun da 'yan'uwa ke aiko masa da takardar maganin da likita ya rubuta wa Inna. Mutum ne mai gaskiya har ta yi masa yawa. Amma yana da wani rauni da duk gidan muka sani: bai iya buɗe baki ya nemi abu kai tsaye ba. Idan yana son gishiri, ba zai ce a miƙo masa ba. Sai ya dubi bango ya ce, "A wasu gidajen, na ji akan ajiye gishiri kusa da maigida." Inna ta tura masa ba tare da ta ɗago kai ba.

To, a bayan tankin ruwanmu akwai wani tsanin katako mai matakala goma sha ɗaya. Tun da na yi wayo nake ganinsa a wurin. A tsallaken titi, daidai ƙofarmu, akwai gidan wani mai fenti da muke ce wa Kawu, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ƙaton mutum ne mai dariya da dukan ciki, faratansa kullum da launin gidan da ya yi wa aiki a makon. Wata Asabar, ina 'yar shekara bakwai, ya shigo yana sosa ƙeya.

"Malam, ko za ka ara mini tsanin nan?"

"Haba maƙwabci, har sai ka tambaya? Ɗauka mana."

Ya ɗauka. Mako ya wuce, wata ya wuce, shekara ta zagayo. Tsani bai dawo ba. Abin da ya fi ci wa Baba rai shi ne ba ɓoye shi aka yi ba. Daga tagar falonmu ana hango shi jingine da bangon Kawu, kowane wata da sabon ɗigon fenti a jikinsa, yau shuɗi, gobe rawaya. Baba yakan tsaya a tagar da kofi a hannu yana kallonsa, ya yi ajiyar zuciya, ya tafi aiki.

Ba wai bai yi ƙoƙari ba, a irin nasa salon. Da damina ta zo indararonmu ya toshe, sai ya tare Kawu a bakin titi ya ce, "Maƙwabci, ganye ya cika mana indararo. Da mutum yana da abin hawa, da tuni ya share." Kafin rana ta yi tsaka sai ga Kawu da tsani a kafaɗa. Baba ya fito da fara'a har yana gyara wa tsanin wuri. Kawu ya jingina shi, ya hau da kansa, ya share indararon tas, ya sauko, ya karkaɗe hannu, ya ce, "Malam, irin wannan aikin ba naka ba ne, duk lokacin da ya toshe ka aiko kawai." Ya saɓa tsanin ya koma gida. Baba har godiya ya yi masa.

Sau ɗaya Inna ta sa baki. Tana tsince shinkafa ta ce, "Malam, tsanin nan da kake ta ƙunci a kai, ka tuna yadda ya shigo gidan nan kuwa?"

"Na dai tuna yadda ya fita," in ji Baba. "Ni da nake riƙe da ranakun duniya duka a kaina, a kan tsani za a yi mini jarrabawa?"

Inna ta ci gaba da tsintarta. Ita mace ce da ke faɗin magana sau ɗaya. Idan ba ka ɗauka ba, ta bar ka da ita, ko da za a shekara ashirin.

A wurin aiki, Baba yana samo layukansa ne daga wani tsohon kundi mai kauri da ya gada daga wanda ya riƙe kujerar kafin shi. Kowace rana da shafinta. Sai dai tun kafin zuwansa ɓera ya cinye shafin ashirin da uku ga Oktoba, bai bar komai ba sai lambar shafin. Shekara da shekaru Baba yana toshe gurbin da dabara. Yakan rubuta, "Gobe ce ranar Majalisar Ɗinkin Duniya," tunda ashirin da huɗu ga wata ita ce ranar. Ba ƙarya ba ce, amma duk shekara idan ya zo wurin sai ya ji kamar ya saka riga mai faci a gaba.

A shekara ta uku da tafiyar tsanin, ƙwan fitilar falonmu ya mutu. Baba ya ɗora kujera a kan tebur, Inna ta riƙe ƙafar kujerar, mu yara muka riƙe tebur. Ya sa ƙwan lafiya. Wajen saukowa ne ya taka gefen tebur ya zo ƙasa da gwiwa, tabarau ya yi gabas, shi ya yi yamma. Ya tafi aiki yana ɗingishi, kuma a ranar ne aka ce lallai ya miƙa layukan Oktoba na shekara mai zuwa kafin a tashi. Ya kai ashirin da uku ga wata, gwiwa na zugi. Daga baya ya gaya mini cewa bai san lokacin da hannunsa ya rubuta ba, ni kuma ban yarda ba, don rubutun ya fito tsaf: "Yau ce Ranar Mayar da Kayan Aro ta Duniya."

Ba wanda ya duba, domin shi ne mai dubawa. Aka buga kwafi dubu arba'in. Kamar yadda ya saba kowace shekara, ya kai wa Kawu guda kyauta, wannan karon har ya buga masa ƙusa ya rataye ta da hannunsa a inda ido ba zai kauce mata ba. Daga nan ya zauna jiran Oktoba.

Ranar ta zo. Ya karanta mana layin da wata murya da ban san shi da ita ba, bai kalli kowa ba. Ya ɗauki hutun rabin yini, ya share bayan tanki, ya sa riga mai guga, ya fito da kujera bakin ƙofa. Da hantsi sai ga Kawu yana tsallako titi, hannu ɗaya a baya.

"Malam, na ga abin da ke kalanda yau, kunya ta kama ni. Wallahi duk wanda ya ƙirƙiro ranar nan, Allah ya yi masa albarka."

"Amin," in ji Baba, yana leƙen bayansa.

Kawu ya fito da hannun. Filaya ce.

"Wata biyu tana wurina. Ka yafe ni."

Ya zauna ya sha shayi kofi uku, ya ba da labarin wani attajiri da ya sa aka yi wa gidansa fenti kala bakwai, ya tafi. Baba ya daɗe zaune da filaya a cinya.

Da a ce ya tsaya nan, da ba ni da labarin bayarwa. Amma ya ga idan ya cire layin a shekara mai zuwa, wani zai tambaya ina ranar ta tafi, ranakun duniya kuwa ba sa ɓacewa haka kawai. Sai ya bar shi. A shekara ta biyu mai shirin safe a rediyo, wanda ashe daga kalandarmu yake kwasar tarihinsa, ya karanta layin har ya ƙara da nasa bayani. A ta uku shugaban makarantarmu ya tara mu a fili ya ce albarkacin wannan babbar rana, duk wanda ke riƙe da littafin laburare ya kawo, ba bulala. Aka tara littattafai har da waɗanda iyayen wasu suka ara suna ɗalibai.

Kafin a shekara biyar, idan ka fito titinmu ranar ashirin da uku ga Oktoba sai ka rantse gobara aka yi ana kwashe kaya. Mata da tukwane da dutsen guga, maza da baro da shebur da famfon keke, kowa na tsallakawa gidan wani yana sunkuyar da kai. Wasu 'yan'uwa biyu da suka shekara huɗu ba sa gaisawa sun shirya a kan batirin mota. Wasu kuma da suke zaman lafiya sun ɓata, saboda an mayar da laima da huji uku, mai ita ta ce da huji ɗaya ta bayar. Inna ta samu rariyarta da faranti bakwai da wani zani da ta riga ta yafe. Ta kuma rasa injin markaɗen ƙanwarta, wanda ta so a ce an manta da shi, kuma ta yi kwana biyu ba ta yi wa Baba magana mai daɗi ba, ko da yake a lokacin ba ta san shi ne ya jawo mata ba.

Shi kuwa Baba, duk Oktoba sai ya rame. Mutane na tare shi a hanya suna yi masa godiya da ya sanar da su ranar, shi kuma yana amsawa kamar mai ciwon haƙori. Ƙaryarsa guda ɗaya tak a duniya ta yi ƙafa tana yawo a gari, kuma tsanin da aka yi ta dominsa yana nan jingine inda yake. Kawu ne ma ya fi kowa riƙe ranar da muhimmanci. Har ya kai ga tun a Satumba yake zuwa ya ari wani abu, guduma ko tocila, don kada ranar ta zo ba shi da abin mayarwa.

Sai Baba ya shiga gyaran layin. Wata shekara ya ƙara, "musamman manyan kaya." Kawu ya kawo baro. Shekara ta gaba ya rubuta, "har da na katako." Kawu ya kawo bencin da ya ara ranar da ya yi baƙi. Da abin ya ishe shi ya rubuta, "Akan fara da abin da ya fi tsawo." A wannan shekarar na ga Kawu da idona yana tsallako titi da tiyon ban-ruwa naɗe a kafaɗa, yana murmushi, ya ce ya auna, duk cikin kayanmu da ke wurinsa ba wanda ya kai shi tsawo. Baba ya shiga ɗaki ya kwanta da rana tsaka.

Haka aka yi shekara goma sha shida. Na gama karatu, na fara aiki a asibiti, na yi aure, tsani na nan.

Saura wata shida Baba ya yi ritaya, mai maɗaba'ar ya tsufa ya miƙa wa 'yarsa ragamar aiki. Mace ce mai kaifin kai, ba ta girme ni ba, ta zo da kwamfuta da niyyar bin kowane layi na kalandar ta tabbatar da shi. Ma'aikata kuma sun riga sun ba da aikin wani allon girmamawa da za a ba Baba ranar sallama, an rubuta a jiki: shekara talatin da huɗu ba kuskure. Baba ya ga samfurin allon, ya dawo gida bai ci abinci ba.

Ranar da ta kira shi ofis, ya tafi da jan bironsa a hannu kamar zai miƙa shi. Ya same ta tana fara'a.

"Baba, zauna. Na bi layukanka ɗaya bayan ɗaya, ban samu ko ɗigo a inda bai dace ba. Har wannan ta kayan aro na samu a intanet."

"Kin same ta?"

"A wuri huɗu. Shafin wata makaranta, shafin gidan rediyo, da wasu biyu. Sai dai dukansu daga kalandarmu suka ce sun samo. Ina so bana mu yi mata babban shafi mai launi, don masu saye suna tambayarta. Abu biyu kawai nake nema: wace ƙasa ce ta fara ta, kuma a wace shekara?"

Ba abin da ya rage masa sai ya ambaci wata ƙasa mai nisa da wata shekara, ta rubuta, a buga, ya karɓi allonsa ya tafi gida da mutuncinsa. Ba mai ganewa har abada. Ya dubi kwamfutar, ya dubi yarinyar da ya sani tun tana rarrafe a tsakanin injuna.

"Ranki ya daɗe, ƙasar ba ta da nisa. Daga tagar falona ana hango ta."

Ya kwashe komai ya gaya mata, tun daga ɓera har zuwa tiyo. Ta fara da riƙe dariyar saboda girmansa, ta rufe baki da hannu, daga baya ta kifa kai a tebur kafaɗunta na rawa. Masu aikin inji suka leƙo su ga ko lafiya. Da ta samu numfashi ta share hawaye ta ce ai ranar ba ta rasa tarihi ba, an haifi wani shahararren ɗan ƙwallo a cikinta, an kuma yi wani babban bore a wata ƙasar Turai. Baba ya ce duk suna cikin ɓera.

Ya nemi a cire layin, a buga neman afuwa, a kuma fasa allon. Ta ƙi. Ta ce layin ya fi ƙarfinsu yanzu, idan suka cire shi mutanen gari za su ce kalandar ce ta yi kuskure. Abin da ta yarda da shi kawai shi ne a goge "ta Duniya," tunda duniya ba ta san zancen ba. Allo kuma ta ce yana nan, domin abin da ya yi da gangan ya yi shi, ba kuskure ba ne. Har ya miƙe zai fita ta ƙara da wata magana, ba da dariya ba.

"Amma Baba, shekara goma sha shida ka sa gari guda yana ɗaukar kaya a ka, kai kuwa ka kasa tsallaka titi ka ce a ba ka tsaninka?"

Wannan maganar ce ta shige shi. Ranar na je gida gaishe su, ina zaune da Inna a tsakar gida, ya shigo da la'asar ko jaka bai ajiye ba ya ce mini, "Taso ki raka ni. Za a buƙaci mai kama ɗaya gefen."

Mun sami Kawu a ƙofar gidansa yana wanke burushi a bokiti. Ya tsufa, gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala. Baba ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi gwiwa, ya yi zancen tsadar fenti, ya yi zancen zafin bana. Na ƙirga, sai da ya yi minti ashirin yana kewaye. Na taka masa ƙafa. Ya cire tabarau ya mayar, ya dubi ƙasa.

"Maƙwabci, tsanina. Shekara goma sha tara ke nan. Ina so ka ba ni."

Kawu ya waiwaya ya dubi tsanin. Ya ajiye burushin, ya goge hannu a wando, ya je ya kwantar da tsanin a ƙasa, ya juya shi. Ya sa wuƙar kankare fenti ya kankare ƙarƙashin matakalar farko. Fenti ya yi ta zubowa kala-kala, har katako ya bayyana. Akwai wasu haruffa biyu da aka ƙona da ƙarfe mai zafi.

"Haruffan sunan mahaifina ne, Malam. Shi ya haɗa shi da hannunsa, da shi na koyi aiki." Ya nuna ni da haɓa. "Ranar da kuka tare a gidan nan, wannan tana goye, ka zo ka ce in ara maka ka rataye labule da agogo. Ya shekara shida a bayan tankinka. Ni kuma na ji nauyin in zo wurin mutum mai ilimi kamarka in ce ba ni abina. Sai na ce ka ara mini."

Baba ya dubi haruffan. Ya waiwaya. Inna na tsaye a ƙofar gidanmu, hannu a ƙugu, ta biyo mu da kallo tun fitowarmu.

"Na faɗa maka sau ɗaya," ta ce daga can, ta koma ciki.

Na tausaya masa ƙwarai, amma dariya ta ci ƙarfina har na zauna a kan bokitin Kawu. Baba kuwa, da yake ya riga ya fara faɗin gaskiya tun safe, sai ya ƙarasa. Ya gaya wa Kawu cewa babu wata ranar kayan aro a ko'ina, shi ya ƙaga ta, kuma saboda wannan tsanin. Na zaci Kawu zai yi fushi. Ya yi ta kallon tsanin, ya dubi titi, fuskarsa na washewa a hankali.

"Wato duk tukwanen nan da baro da ake ta jigila, a kaina ake yi?"

"A kanka ne."

"Ashe na shiga tarihi ban sani ba." Ya yi dariyar nan tasa har yana riƙe bango. "Tiyon nan kuwa, Malam, sai da na auna shi sau biyu."

Da ya lafa sai ya ce likita ya hana shi hawa tun bara, tsanin zaman banza yake yi. Ya ɗaga gefe ɗaya ya miƙa wa Baba. "Ɗauka. Amma aro na ba ka, ka ji da kyau, ga shaida. Ka dawo mini da shi ranar ashirin da uku."

Haka suka yi shekara huɗu. Ranar ashirin da uku ga Oktoba, Baba zai sa riga mai guga, a kama masa tsani a tsallaka titi, ya jingina shi a bangon Kawu, ya ce, "Ga abinka, na gode." Su sha shayi kofi uku-uku. Washegari da safe ya koma, ya tsaya a ƙofa ya ce da bakinsa, ba kewaye-kewaye, "Maƙwabci, ara mini tsani." Kawu ya yi kamar yana tunani, ya tambaye shi yaushe zai dawo da shi, sannan ya bayar. Ba wanda ke iya hawansa a cikinsu. Idan ƙwan fitila ya mutu, mijina ake kira.

A shekara ta biyar, cikin Agusta, Kawu ya kwanta kwana tara, ya rasu. Baba bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya dai daina tsayawa a tagar falo.

Da Oktoba ta zo na ɗauki hutu na je gida tun daren ashirin da biyu, don na san abin da zai yi. Da safe ya yage shafin jiya, ya dubi na yau, bai karanta ba. Ya sa takalmi ya ce, "Kama can." Muka fito da tsanin, shi a gaba ni a baya. Titi cike da masu tukwane da baro kamar kullum, ana ta gaisawa ana dariya, yawancinsu ba su san daga ina ranar ta fito ba. Da suka gan mu sai suka dare suka ba mu hanya. Tsanin ya yi nauyi a hannun Baba, sau biyu muna tsayawa ya huta a titin da bai fi taku goma sha biyar ba.

Matar Kawu, wadda muke ce wa Gwaggo, ta buɗe mana ƙofa. Ta ga tsanin, ta kama bakin mayafinta.

"Malam, da ka bar shi a wurinka. Wa zai hau shi a nan?"

"Ba nawa ba ne," in ji Baba.

Ya jingina shi a wurinsa, inda kan tsanin ya riga ya yi wa bango tabo biyu, ya gyara masa zama har sai da ya daidaita da tabon. Gwaggo ta kawo shayi. Ya sha kofi ɗaya, ya yi godiya, muka dawo.

Washegari da safe na ga ya sa takalmi. Ya fita har bakin ƙofa, ya tsaya yana kallon tsallaken titi. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya dawo ya zauna a kujerarsa, ya sunkuya yana kwance igiyar takalmin.

"Malam, ba za ka je ba?" in ji Inna.

"In ara a wurin wa?"

Inna ta jawo kofinsa. Ta zuba masa shayi, ta miƙe da kanta ta yage shafin kalandar, ta ajiye masa kusa da kofin.